Inda Ƙa'idojin Kawu Suke Kwana

Na Allah ne mu, kuma wurinsa za mu koma. Kawu ya rasu ranar wata Talata da hantsi a gidansa na Tsafe, aka kai shi makwancinsa bayan azahar. Wan mahaifiyata ne, shi ya riƙe ni tun ina ƙarama, kuma shekara shida muka yi a ofis ɗaya a Gusau, shi magatakarda, ni mai buga takardu. Ban zauna rubuta wannan don in yi kuka ba, kukan na yi shi har ya gundure ni. Ƙyama ce ta zaunar da ni. An binne mutumin nan da laifin da ba nasa ba a wuyansa, kuma waɗanda suka rataya masa laifin sun fi kowa ɗaga murya wajen addu'a.

Kwana uku gidan bai rabu da mutane ba. Matan unguwa suna shigowa, kowacce da abin da za ta tuna: wannan ya rubuta mata wasiƙa zuwa ga ɗanta soja, waccan ya cike mata takardar asibiti. Tsohon masinjan ofishinmu ya zo daga Gusau a bayan motar itace, ya durƙusa a ƙofar ɗakin Inna, matar Kawu, yana ta hawaye. Shi kam na yarda da kukansa.

Ranar uku sai ga Manaja a motar ofis, babbar riga ta sha guga, turare ya riga shi shigowa. Aka yi masa iso har bakin ƙofa. Ya yi gyaran murya yadda duk matan da ke tsakar gida za su ji, ya ce, "Hajiya, sai haƙuri. Malam mutumin kirki ne. Abin da ya faru a ofis kuwa, wallahi mu tuni mun yafe masa."

Inna ta ce, "Mun gode." Ni kuwa ina gefe riƙe da kwanon kunu, ina jin komai. Wata tsohuwa da ke gefena ta raɗa wa maƙwabciyarta, "Ashe gaskiya ne, shi yak kashe shanun mutane?" Ita kuma ta ce, "To, ga shi dai an yafe mishi." Da wannan labarin suka koma gidajensu, kuma shi nake so in warware.

Shekara talatin da 'yan kai Kawu ya yi yana raba wasiƙu. A bayan teburinsa akwai wani kabad mai ramuka-ramuka, kowane rami da sunansa a rubuce da jan biro. Ba ya ɗaga murya, ba ya sauri, amma ka tambaye shi takardar da ta shigo shekara huɗu da suka wuce, zai miƙa hannu ba tare da ya waiwaya ba ya zaro maka ita. Kullum maganarsa ita ce, "Kowace takarda tana da gidanta." Fensirinsa da reza yake fiƙe shi, ya tara ɓawon a murfin gwangwani. Goro ɗaya yake rabawa huɗu, ya kai shi har la'asar. Mun sha yi masa tsiya a kan wannan, shi kuma ya ce mu ne ba mu san tsari ba.

Akwai abu ɗaya da ba ya wasa da shi ko kaɗan, wato wasiƙar wani. Ina da shekara goma sha huɗu, wata rana ya dawo da ambulan na maƙwabcinmu, don rabin unguwa da adireshin Kawu ake aiko musu saƙo. Ban buɗe ba fa. Ɗaga shi kawai na yi a rana ina leƙen rubutun da ke ciki. Sai na ji muryarsa a bayana.

"Sunanki ne a bisa?"

Na ce a'a.

"To mi ya kai idonki?"

Bai doke ni ba, da ma ya doke ni. Kwana uku in na kai masa abinci sai ya ce Inna ta zo ta ɗauka ta sake kawowa da hannunta. A rana ta huɗu ya kira ni ya ba ni kashi ɗaya daga cikin goronsa, maganar ta wuce.

Shi ɗin ne kuma, da na faɗi jarrabawar kwalejin malamai dangi suka ce in zauna gida haka nan, ya riƙa ɗauro tsohuwar tafiretar ofis a bayan kekensa duk ranar Juma'a, ya mayar da ita Litinin da sassafe. Kuma kowane mako sai ya rubuta wa kansa takardar izinin fita da ita, ya kai an sa hannu, ya nuna wa maigadi, alhali maigadin ko karatu bai iya ba. Wata takwas yana zama kusa da ni yana karanto mini tsohuwar jarida ina bugawa. In na yi kuskure ɗaya, sai a sake shafin daga farko. Da wannan hannun na sami aiki, da shi nake ci har yau.

Ofishinmu na taimakon manoma da makiyaya ne: iri, maganin feshi, allurar rigakafin dabbobi. Ta nan Kawu ya yi abota da wani Arɗo na wata ruga da ke bayan Kekun Waje, a ƙasar Bungudu. Sun fi shekara ashirin tare. Arɗo yakan shigo ya jingina sandarsa a jikin kabad, ya zauna a benci ya ce, "Kaɗon takarda, mi kake da shi yau?" Kawu ya ce, "Ina da kujera, amma na san ba ka iya zama bisanta ba." In Arɗo ya kawo man shanu, Kawu ba ya karɓa a ofis, sai dai a kai wa Inna gida, shi ma sai bayan an gama aikin da ya kawo shi. Makiyayan yankin ba su yarda da takardar ofis ba, sun sha alkawarin da ba a cika ba. Amma in Arɗo ya ce Malam ne ya faɗa, magana ta ƙare.

Shekara guda bayan an ba mu jiha, hedkwata ta aiko mana da kwamfuta, aka ja mata layin tarho. Wata mata ta zo ta yi mako guda tana koya mana aika wasiƙa ta cikinta, abin da ake kira imel. Samarin ofis wasan kati kawai suka koya. Kawu, da ya kusa sittin, shi ya zauna da littafinsa yana rubuta komai, yana danna maɓalli da yatsa ɗaya. A rana ta biyar ta nuna masa cewa ana iya kafa wa kwamfutar ƙa'ida: duk wasiƙar da ta zo daga wuri kaza, ta wuce da ita kai tsaye zuwa akwati kaza. Ban taɓa ganin fuskarsa ta yi haske haka ba. Ya ce, "Ashe masinja ne a ciki! Masinjan da bai cin goro, bai zuwa biki."

Ya buɗe akwatuna uku, ya sa musu suna Shanu, Iri da Motoci, ya kafa wa kowanne ƙa'idarsa. Duk abin da bai faɗa cikin ukun nan ba yana zama a babban akwati, kuma Manaja ya ba da umarni a rubuce cewa babban akwati nasa ne, akwai sirrin ofis a ciki, kada kowa ya duba. Babu makulli a kansa, umarnin ne kawai. Kowace safiya Kawu yakan haɗa layi, na'urar ta yi ta ƙara kamar kyanwar da aka taka wa wutsiya, wasiƙu su shigo. Sai ya sa tafin hannunsa na hagu ya kare fuskar kwamfutar har ya danna nasa akwatin, don kada idonsa ya faɗa kan na Manaja. Muna dariya har da riƙe ciki, shi ko a jikinsa. Da yamma ya lulluɓe ta da wani zanen Inna da ya ɗauko ba da saninta ba. Sun yi mako guda suna rigima a kan zanen nan, tana cewa ita ba a taɓa lulluɓe ta da irin wannan kulawa ba.

Haka aka yi shekara guda da wani abu, ko wasiƙa ɗaya ba ta ɓace ba.

Sai aka fara maganar wai tsofaffin kwamfutoci ba za su tsallake shekara ta dubu biyu ba. Bayan girbi aka turo wani injiniya daga Kaduna da sabuwar kwamfuta da sabuwar manhajar ofis. Mutum ne mai kamar shekara talatin da biyar, da laktaye a wuya cikin zafin Gusau, yana magana rabi Hausa rabi Turanci, yana kallonmu kamar waɗanda aka tono daga rami. Ya kwashe wasiƙun daga tsohuwar ya zuba a sabuwar. Kawu yana tsaye a bayansa da littafinsa.

Ya ce, "Injiniya, in tambaye ka. Ƙa'idodin nan da na kafa, ina suke kwana? Tare da wasiƙun suke, ko ɗakinsu daban?"

Injiniya ya yi dariya, ya juya ya kalli samarin ofis don su taya shi. "Baba, ba kaji ba ne da za su kwana. Komai yana ciki. Ga akwatunanka nan, Shanu, Iri, Motoci. Ka gani?"

"Na ga akwatuna. Mai rabawa nike tambaya."

"Na ce maka komai yana ciki."

"To a gwada. A aiko da wasiƙa guda mu ga inda za ta hwaɗa."

Injiniya ya duba agogo ya ce layi ba shi da kyau yau, kuma direbansa yana jira. Manaja, wanda ke tsaye yana jin daɗin sabuwar kwamfuta kamar shi ya ƙera ta, ya ce, "Malam, don Allah ka bar mai ilimin abu ya yi aikinsa." Aka sake yin dariya, ni ma na yi murmushi, ba zan ɓoye ba. Aka ɗauki tsohuwar kwamfutar aka jefa a sito.

A daidai lokacin nan ne aka ji ciwon huhu ya ɓulla a shanun wasu garuruwa na arewa da mu. Hedkwata ta yi alkawarin allurar rigakafi, ta ce ma'ajiyar magani za ta aiko da imel da zarar ta iso, mu tura mota ta ɗauko. Likitan dabbobinmu ya roƙi Kawu ya sa baki makiyaya su dakata, kada su gangara kudu kafin a yi wa shanu allura. Kawu ya aika wa Arɗo. Arɗo ya zo da kansa ya ce, "Ciyawa ta fara ƙarewa, mutane suna son tahiya. Kai ka tabbata?" Kawu ya ce, "Mako biyu. In ta zo, ni zan fara gani." A kan wannan maganar Arɗo ya tara garken rugage da yawa wuri ɗaya, suna shan ruwa a tafki ɗaya, suna jira.

Kowace safiya Kawu ya kare fuskar kwamfuta da hannu, ya buɗe akwatin Shanu. Babu sabon abu. Ya buɗe Iri, ya buɗe Motoci, duk shiru. A rana ta huɗu ya ce mini, "Ɗiyata, wanga shiru ba na lahiya ba ne. Ɗauko takarda." Ya faɗa ina bugawa: tun da aka sauya manhaja babu wasiƙar da ta shiga akwatunansa, yana zargin ƙa'idojin ba su biyo ba, yana roƙon Manaja ya duba babban akwati ko ya ba shi izini ya duba. Na buga da kabon kamar yadda ya koya mini, asali zuwa ga Manaja, kwafi a wurina. Manaja ya karanta a tsaye ya ce hedkwata ce ba ta aiko da komai ba, ya cusa takardar a aljihun tebur.

Kawu ya nemi a buga wa ma'ajiyar tarho. Tarhon kuwa da ɗan kwaɗo a jikinsa, makullin yana aljihun Manaja, kuma ya ce ba za a yi ta kiran nesa a kan zargin tsoho ba. Sai Kawu ya aika musu imel da kansa, har sau biyu, yana tambaya. Ya zauna yana jiran amsa a akwatin Shanu. A rana ta goma ya sake zuwa ya tsaya a ƙofar Manaja, hularsa a hannu, ya ce, "Ranka shi daɗe, minti guda ne. Ka buɗa ka duba." Har teburina na jiyo amsar: "Ni za ka koya wa aiki?" Gaskiyar magana, wadda duk ofis ya sani, Manaja bai iya buɗewa ba. Tun da aka kawo kwamfuta bai taɓa zama gabanta ba sai ranar da aka ɗauki hoto, kuma ya gwammace komai ya lalace da a ga yana lalube a gaban ƙananan ma'aikata.

Da Manaja ya yi tafiya Sakkwato ta kwana uku, na sami Kawu na ce, "Kawu, ba ya nan. Ka ɗauke hannunka kawai ka duba. Wa zai sani?"

Ya ce, "Ni zan sani."

Har gobe ina jin haushinsa a kan wannan amsar. Tafin hannu ɗaya ne tsakaninsa da abin da yake nema, ya ƙi ɗagawa. Amma ni da nake jin haushin, kwamfutar tana nan bayan an tashi aiki, na san maɓallin da ake dannawa, kuma ban danna ba. Shi amana ce ta hana shi, ni tsoro ne.

A mako na huɗu shanu suka fara tari. Garken da aka tara wuri ɗaya, ciwon ya bi su kamar wuta a busasshiyar ciyawa. Ban san adadin da suka mutu ba, kuma ba zan ƙirƙira ba. Na dai ji daga bakin likitanmu cewa akwai gidajen da ba su tsira da ko saniyar tatsa ba.

Hedkwata ta turo kwamitin bincike na mutum uku. Ɗayansu ya zauna ya buɗe babban akwati a gaban kowa. Ga wasiƙar nan, ta iso kwana biyu bayan tafiyar Injiniya: allura ta zo, a turo mota kafin ƙarshen mako, in ba haka ba za a ba wata jiha. Ga kuma amsoshi biyu na tambayoyin Kawu, suna cewa ai sun riga sun sanar. Duk suna kwance a cikin tarin sanarwoyi ɗaruruwa da ba a taɓa buɗewa ba. Manaja ko gezau bai yi ba. Ya ce harkar wasiƙu gaba ɗaya a hannun magatakarda take, shi bai san komai ba. Umarninsa na hana duba babban akwati ya ɓace daga fayil. Takardar koken Kawu ita ma ta ɓace. Injiniya ya aiko da rahoto daga Kaduna cewa ya miƙa komai lafiya lau, har Malam ya gani da idonsa.

Kawu ya ce ya rubuta koke, kuma ni na buga. Aka kira ni. Ana gobe za a kira ni ɗin, Manaja ya tsayar da ni a baranda yana murmushi, ya ce tunda kwamfuta ta zo hedkwata tana tunanin rage masu buga takardu, amma shi yana ƙoƙari a kaina. Bai ƙara komai ba. Da shugaban kwamitin ya tambaye ni, na ce, "Takardu da yawa nake bugawa, ba zan iya tunawa ba." Kwafin yana gida a ƙarƙashin akwatin kayana. Kawu yana zaune a gefe, bai ko ɗago kai ya dube ni ba.

Aka yi masa ritayar dole, aka rubuta sakaci a takardarsa. Ya miƙa makullai, ya miƙa jan biro biyu da stamfi, ya sa aka sa masa hannu cewa ya miƙa. Ya ninke zanen Inna ya sa a hammata. A bakin get ya ci karo da Arɗo, wanda ya zo jin yadda aka ƙare. Kawu ya miƙa masa hannu. Arɗo ya dubi hannun ya ce, "Na tsai da mutanena bisa maganarka. An ce takarda ta zo, kana zaune bisanta." Ya juya ya tafi. Wannan ce maganarsu ta ƙarshe.

Kawu ya koma gidan gado a Tsafe. Ba a yi wata uku ba hawan jini ya taɓa masa ƙafa da hannun hagu. Yakan zauna a zaure yana karanta wa maƙwabta wasiƙunsu. In na je gaishe shi, ya tambayi maigidana, ya tambayi yara, ya tambayi ko har yanzu ina buga shafi ba kuskure. Bai taɓa ɗaga mini maganar kwamiti ba, kuma wannan ya fi mini zagi ciwo. Sau ɗaya ne kawai, ina shirin tafiya, ya ce, "Har yanzu ba a gano inda suke kwana ba?"

An gano, amma ba don wani ya nema ba. Firintar ofis ce ta lalace, aka kira wani dattijo mai gyaran rediyo da kwamfuta a cikin gari. Yana aiki na yi masa tambayar Kawu, kalma da kalma. Bai yi dariya ba. Ya ce in kai shi sito. Muka jawo tsohuwar kwamfutar daga ƙarƙashin buhunan iri, ya hure ta, ya kunna, ya yi 'yan danne-danne, ya nuna mini wani ɗan ƙaramin fayil. Ya ce a irin wannan manhajar wasiƙu da akwatunansu suna cikin babban fayil guda, amma ƙa'idojin rabawa suna cikin nasu fayil ɗin daban, a wani wuri daban. In ka kwashe babban ka bar ƙaramin, za ka ga akwatuna tsaf kamar komai lafiya, amma babu abin da zai sake shiga cikinsu. Na ce ɗauko shi aikin kwana nawa ne? Ya ce, "Kwana? Minti biyu, in mutum ya san da shi. In bai sani ba kuma, ai sai ya gwada kafin ya tafi." Ya rubuta bayanin a takarda ya sa hannu.

Ranar Asabar na tafi Tsafe da takardar, na haɗa da kwafin koken da na ɓoye. Kawu ya sa tabarau ya karanta bayanin mai gyara sau biyu. Ya yi dariya, irin wadda na daɗe ban ji ba, ya ƙwala wa Inna kira: "Zo ki ji! Ɗakinsu daban! Ai na hwaɗi!" Sannan ya ɗauki takarda ta biyu. Ya gane ta nan take, ya kuma gane inda ta kwana duk tsawon lokacin nan. Na sunkuyar da kai ina jiran abin da ya kamace ni. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce, "Kin buga ta da kyau. Babu kuskure ko guda."

Na ce zan kai hedkwata a wanke sunansa. Ya girgiza kai. "Ofis ba ya gabana, su riƙe takardarsu. Arɗo za ki kai ma. In ni na aika, cewa zai yi wanke kaina nike. Ke kinka buga, ke za ki karanta mishi, ki hwaɗa mishi yadda anka yi." Na ce to, mako mai zuwa in Allah ya yarda.

Ban je ba. Na ce damina ta sauka, hanyar rugar ba ta biyuwa. Na ce yaro ba shi da lafiya. Na ce sai an ba ni hutu. Gaskiyar ita ce in na karanta wa Arɗo takardar, dole in faɗa masa wadda ta ce ba ta tuna ba, kuma na kasa. Kawu ya tambaye ni sau biyu. Daga nan ya daina tambaya, ya koma tambayar yara.

Allah ya jiƙan Kawu, ya haskaka kabarinsa, ya sa aljanna ce makomarsa. Ya ba Inna haƙurin rashinsa. Wanda ya karanta wannan ya san cewa mutumin nan bai yi sakaci ba. Ya yi tambayar da ta dace tun kafin a kashe tsohuwar kwamfuta, aka yi masa dariya, ya rubuta aka ɓoye, ya kira shaida ta guje shi.

Washegarin addu'ar bakwai na sa maigidana ya ɗauke ni a babur muka tafi. Daga Kekun Waje muka bar titi muka bi turbar shanu. Mun sami Arɗo a gindin wata tsamiya yana tufkar igiya, ya tsufa fiye da yadda na san shi, 'yan shanun da ke bayan bukkokinsa ba su kai a kira su garke ba. Ya gane ni. Muka gaisa a taƙaice, na durƙusa na fito da takardun. Na yi masa bayani iya yadda zan iya: an tashi daga tsohon gida, an kwashe hatsi da kwanuka an kai sabo, an manta da mai rabon abinci a can, kowa ya zauna gaban kwanonsa yana jira. Na karanta masa koken Kawu daga farko har sa hannu. Na faɗa masa abin da na ce a gaban kwamiti, ban rage komai ba.

Ya ajiye igiyar. Sai ya ce, "Ran kasuwa na ji rasuwarshi. Na ce Allah shi jiƙan musulmi. Ban kama sunanshi ba."

Ya nuna takardun da haɓa. "Yaushe sunka zo hannunki?"

Na ce, "Wata bakwai ke nan."

"Shina da rai?"

"Yana da rai."

"Shi yac ce ki kawo min?"

"Shi ne."

Ya miƙe da ƙyar, ya zura takalmansa, ya ɗauki sandarsa. Ya ce wa maigidana ya kai shi bakin titi ya sami motar Tsafe, yana so ya ga kabarin kafin rana ta faɗi. Maigidana ya dube ni, ya dubi babur ɗin, ya ce ai mutum ɗaya yake ɗauka, bari ya fara kai ni ya dawo.

Arɗo ya riga ya ɗaga ƙafa zai hau. Bai waiwayo ba, ya ce, "Bar ta nan. Wagga ba ta da gaggawa."